Yadda wani kolej a Maradi ya sa ɗalibansa suka fara taɓa kimiyya da hannunsu

Asalin matsalar, kafin Oktoba 2022

Kolej ɗin na gwamnati ne, yana wata unguwa can gefen garin Maradi, ba zan faɗi sunanshi ba. Kamar kowane kolej yana ɗaukar yara daga siziyem zuwa turwaziyem, a ƙarshe su yi jarrabawar birebe, wanda ya samu a tura shi lise. Yara sun yi yawa ƙwarai, wani ajin mutum uku ko huɗu ke zama kan tabur guda, kuma wasu azuzuwan har lokacin na zana ne. Ɗakin gwaji babu shi sam. Fizik da shimi a allo ake yinsu, mushe ya zana batir da ampul da waya da alli, yara su kwafa a kaye, su haddace, ranar jarrabawa su mayar mishi da abinshi.

Abin da ya dami malamin fizik ɗin, wanda shi ne ya ɗauki wannan aiki a kanshi, shi ne takardar zaɓi da ƴan turwaziyem ke cikewa kafin birebe. Kusan kowa sogwand A yake so, ɓangaren adabi kenan, masu neman sogwand C, ɓangaren kimiyya, ba su cika hannu guda ba, lise teknik kuwa sai shekara ta wuce ba wanda ya rubuta ta, alhali ga Lise Teknik Ɗan Kasawa nan cikin garin, ba sai yaro ya yi tafiya ba. In ka tambayi yaro me kake so ka zama sai ya ce duwan ko soja ko ɗan kasuwa irin su Alhaji, ƴan mata kuma su ce ungozoma ko malama, daga nan lissafin ya ƙare. Kuma ba laifinsu ba ne, Maradi garin kasuwa ne, yaro na tashi yana ganin manyan motoci na shiga Najeriya ta Ɗan Isa suna fitowa, ya san yadda ake arziki da fatauci, amma bai taɓa zama da wanda ke cin abinci da awon ƙasa ko gwajin ruwa ko haɗa wutar rana ba. Da yawa ba su ma san Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunanshi, haifaffen Tasawa ne a 1929 ba, masanin fizik ne da ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, tun 1969. Ɗan jiharsu ne fa.

Gwaji na farko: ranar sana'o'i, Disamba 2022

Dirakta da kwamitin iyaye suka amince a yi rana guda ta sana'o'i kafin hutun ƙarshen shekara. Aka yi hayar kujeru da rumfa da amsa-kuwwa, aka gayyato wani injiniya, wani likita, da wani ma'aikacin gona. An ce ƙarfe 9 za a fara, ba a fara ba sai wajen 11 saboda jiran manyan baƙi. Kowane ya yi jawabi da Faransanci mai tsawo, yawanci tarihin karatunshi ne da ƙasashen da ya je. Yara na zaune a ƙasa cikin iskar hunturu, na baya ba su jin komai. Da aka ce a yi tambaya yara biyu suka ɗaga hannu, duka biyun albashi suka tambaya. Azahar na yi aka watse.

Bayan hutu malamin ya tambayi ajinshi abin da suka riƙe. Sun tuna motar injiniyan. Aikin da yake yi da safe in ya je ofis, ba wanda ya iya faɗa.

Gwaji na biyu: akwatin kayan zamani, Fabrairu zuwa Mayu 2023

Sai ga wata ƙungiya ta zo da bita ta kwana uku, da kwamfutoci ƴan ƙanana da akwatin kayan haɗa ƴar mota mai tafiya da kanta. Aka zaɓi yara 20 masu maki mafi yawa. Gaskiya yaran sun ji daɗi, ranar ƙarshe motar ta bi baƙin layi da aka zana a ƙasa, aka yi tafi aka ɗau hotuna aka raba takardar shaida. Ƙungiyar ta bar akwati guda da kwamfuta biyu ta tafi.

Daga nan ne abin ya fara tsayawa. Masu koyarwar sun tafi da saninsu, malamin fizik kallo kawai ya yi a kwana ukun nan don ajinshi bai tsaya ba. Manhajar da ake umartar motar da ita tana son sabuntawa ta intanet, makaranta ba ta da intanet. Wani ɗan ƙaramin sashe ya ƙone, aka zaga shagunan kayan lantarki na gari ba a samu irinshi ba, aka ce sai Kano ko a yi oda daga waje. Dirakta, da yake shi ya sa hannu a takardar karɓar kayan, ya ji tsoron kar wani abu ya ɓata a tuhume shi, sai ya kulle akwatin a ofis. Afrilu ta shigo da zafinta, kowa ya koma shirin birebe. Da aka cike takardar zaɓi a ƙarshen shekarar, ba abin da ya canza daga bara. Ko cikin yara 20 ɗin nan ma mafi yawa A suka rubuta, wani ya ce wa malamin, Mushe ai wannan wasa ne na ƴaƴan Turawa, wa zai ba ka aiki da shi a nan.

Abin da ya faru a gari, Agusta zuwa Oktoba 2023

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu a farkon Agusta. Maradi da Damagaram ta layin Katsina suke shan kuran, don haka abin ya taɓa kowa. Masu ƙanƙara, masu niƙa, teloli, masu walda, kowa ya ji a jikinshi. Wanda ke da ɗan hali ya sayi pano na wutar rana da batir, wanda ke da tsohon pano a ɗaki ya kakkaɓe shi. Kuma mutane da yawa da ka suke haɗawa, a sa pano kai tsaye kan batirin mota ba regilata mai daidaita wutar da ke shiga batir, wata biyu batir ya mutu a ce kayan ne jabu. Masu haɗa sola na gari ba su da lokacin zama.

Da aka koma lakwal a Oktoba malamin ya lura yaran da kansu suke kawo mishi tambaya a bakin ƙofa, Mushe me ya sa batirin gidanmu ba ya kai asuba, Mushe fankarmu ta caji ta daina. Tambayoyin da a da sai ya roƙe su.

Gwaji na uku: Asabar ta gyara, Nuwamba 2023 zuwa Fabrairu 2024

Tsarin da ya kai wa dirakta mai sauƙi ne. Kowace Asabar awa biyu, yara 24, rukuni 6 na mutum huɗu huɗu, maza 12 mata 12, kuma ba da maki za a zaɓa ba, duk ɗan katriyem ko turwaziyem da ya zo da wani abu da ya lalace a gidansu shi ne ya samu wuri. Bayan sati 6 wannan kashi ya ba wani wuri. Dirakta ya gindaya sharaɗi guda, ba za a kunna ƙarfen solda ko a haɗa batir kusa da ajin zana ba. Ba wanda ya yi mishi musu, duk Maradi ba a manta gobarar Nuwamba 2021 ba, wadda ta cinye azuzuwan zana a wata makarantar firamare ta kashe yara ƙanana sama da 20, Allah Ya jiƙansu. Aka ba su ajin siminti na can ƙarshe, da bokitin yashi a bakin ƙofa.

Kayan aiki kwamitin iyaye ya saya a kasuwa, mita guda 6 ta awon wuta irin mai arha, sukundireba, filaya, salatif, waya, ƙarfen solda biyu. Wani uba ya ba da aron pano mai wat 50 da tsohon batir mai volt 12. Sai babban abin, malamin ya je shagon wani mai haɗa sola a unguwar, mutumin da ya tsaya a turwaziyem ya bi maigida ya koyi aiki, ya ce mishi, Malam don Allah ka ba mu Asabar ɗinka, ba jawabi za ka yi ba, aikin da kake yi a shago shi za ka yi a gabansu. Ya yarda.

Sati na farko mita kawai aka koya. Kowane yaro ya auna batirin tocila, ya ga volt 1.5 ya fito a fuskar mita da idonshi, sannan ya auna wanda ya mutu. Daga nan aka koma babban batir, mai solar ya nuna musu in ya cika yana ba da wajen 12.6, in ya sauka 12 to ya ci rabi ko fiye, a daina ja. A sati na biyu aka fita rana da pano. Yara suka auna shi ba a haɗa da komai ba suka ga volt 21 da wani abu, suka yi ta gardama don an ce musu na 12 ne, a nan ne maganar regilata ta shigo da kanta, don sun ga da idonsu abin da ke dafa batirin gidajensu har ruwanshi ya ƙafe. Sai aka auna amfiya, wato yawan wutar da ke gudana, panon na da ƙurar hunturu, aka goge da tsumma mai laima aka sake aunawa, lamba ta hau. Wata yarinya ta ɗora tafin hannunta a kusurwa guda, lamba ta faɗi ƙasa warwas, fiye da girman hannun nata nesa ba kusa ba, malamin ya bayyana musu cewa ƙwayoyin panon a jere aka haɗa su, in guda ta shiga inuwa sai ta riƙe sauran. Da yamman nan an ce yara da dama sun hau rufin gidansu duba ko inuwar bedi na faɗa wa nasu, da ko yana kallon kudu kamar yadda ya kamata a nan wajenmu.

Sati na uku lissafi, amma lissafin gida. Fanka mai wat 15 in ta kwana awa 8 ta ci wat-awa 120. Batir mai volt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1200, amma rabi kawai ake so a ja in ana son ya daɗe, kenan 600. To ampul nawa, waya nawa za a yi caji, talabijin zai shiga ko ba zai shiga ba? Wannan dai shi ne ninka volt da amfiya da suke haddacewa tun bara su faɗi a jarrabawa, amma ranar har yaran da ake kira daƙiƙai sun rigayi wasu fitar da amsa, musamman wani da babanshi ke da teburin cajin waya, shi ya san dala goma goman nan daga ina suke fitowa. Sauran satittikan gyara ne zalla, tociloli, fankokin caji, caja, rediyo, yawancinsu waya ce ta tsinke ko batir ya kumbura ko makunni ya ci tsatsa.

Inda aka yi tuntuɓe

Ba a tafi sumul ba. A sati na biyu mita biyu suka mutu, yara sun bar su a kan awon amfiya suka ɗora kan bakin batir kai tsaye, fis ya ƙone. Mai solar bai yi faɗa ba, ya sa su buɗe bayan mitar suka ga fis ɗin, aka sayo wani a kasuwa aka sa, daga ranar aka kafa doka, kafin ka taɓa waya sai abokin rukuninka ya duba inda ka juya mita. Sukundireba kuma suka fara ɓata, sai aka buɗe kaye, kowane rukuni na da mai riƙon kaya da ke sa hannu a shiga da fita.

Mai solar ya daina zuwa bayan sati uku. Da malamin ya same shi sai ya ce, Mushe wallahi ba ƙi na yi ba, Asabar ce ranar da masu aikin gwamnati ke gida suna kirana, in na zo nan iyalina me za su ci. Kwamitin iyaye ya yanke a riƙa ba shi jika biyu duk zuwa, kuma aka mayar da lokacin bayan la'asar. Ya dawo. Amma mayar da lokacin ya jawo wata, ƴan mata suka fara raguwa, daga 12 aka koma ganin huɗu ko biyar, don la'asar lokacin girki ne da ɗiban ruwa, wasu kuma iyaye ba su yarda ɗiya ta kai magariba a waje ba. Waɗanda ke zuwan ma sai ka ga namiji ne riƙe da mita, mace na rubuta lamba a kaye. Aka yi gyara biyu. Aka ware rukunin mata zalla, suna zuwa da hantsi, da wata malamar ilimin halittu a tare da su. Sannan malamar ta bi gida gida, ba takarda ta aika ba, da ƙafarta ta je, ta ce Hajiya ki ba ni ita awa biyu ni zan maido ta. Mafi yawa sun dawo, wasu ba su dawo ba.

Akwai kuma uban da ya zo ofis a fusace, ya ce shi ya sa ɗanshi boko ne don ya zama ma'aikaci, in gyaran tocila ne ai da ya kai shi gareji tun farko. Wannan ƙorafin shi ya haifar da abu na gaba.

Faɗaɗawa da takardar hanya, Maris zuwa Mayu 2024

An ɗage takunkumi a ƙarshen Fabrairu 2024, kuran Najeriya ya dawo a Maris, aka ji tsoron yara za su watse. Ba su watse ba, amma malaman sun ga lokaci ya yi da za a wuce lantarki.

Aka kawo wani ma'aikacin gona ya yi aikin wake. Kowane rukuni ya cika gora biyu da waken da ƙwaro ya fara shiga, guda aka toshe ta gam da leda a bakin murfi, guda aka rufe da tsumma iska na shiga. Ƙwaron wake cikin zafi sati uku zuwa huɗu yake yi daga ƙwai zuwa babba, don haka bayan sati 6 da aka buɗe, aka ƙirga ƙwaya ɗari ɗari daga kowace gora, ba sai an yi bayani ba, ta tsumman ta zama gari da huji, ta toshen ƙwarin sun mutu don iska ta ƙare musu. Mutumin ya ce musu wannan shi ne sirrin buhun PICS mai leda biyu a ciki da ake sayarwa a kasuwa, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fitar tare da masu bincike na ƙasashenmu, kuma masu irin wannan aiki suna nan Tarna a cibiyar binciken noma ta INRAN, ba wata duniya ba.

Sai wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta zo da aikin ruwa. Suka daka ƙwayar zogale suka zuba a ruwan gulbi mai laka, suka ga dattin ya kwanta, ta ce musu to ya yi haske amma bai zama na sha ba, ido ba ya ganin komai. Ta ba su labarin Tibiri, nan kusa da mu, inda ruwan rijiyar burtsatse mai sinadarin fuliwo da yawa ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara a shekarun 1980 da 1990, ruwa garau ba wari ba launi, alhali ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya miligiram 1.5 ne a lita. Ajin ya yi tsit, don wasu suna da dangi a can. Ranar ƴan mata sun riƙe ta da tambaya har ta makara.

Kowane baƙo kafin ya tafi sai an cika takarda guda da shi a allo, ita aka kira takardar hanya. Wane aji ake bi bayan birebe, C ne ko lise teknik ko cibiyar koyon sana'a, wane bak, wato jarrabawar ƙarshen lise, sannan ina, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke nan Maradi mai sashen noma da na kimiyya da cibiyar fasaha ta IUT, ko makarantar EMIG a Yamai ga mai son ma'adinai da masana'antu, shekara nawa, kuma wa ke ɗaukar mutum aiki, in kuma kai za ka buɗe naka me kake buƙata. Yara suka kwafa da Faransanci da Hausa suka kai gida. A Mayu aka kira iyaye, ba a yi hayar rumfa ba, yara ne suka tsaya bayan tabur kowa da abin da ya gyara. Uban nan mai ƙorafi ya zo, ɗan nashi ya lissafa mishi batirin da shagonshi ke buƙata a gaban mutane, ya ce Baba wanda aka sayar maka ya yi ƙarami shi ya sa yake mutuwa.

Sakamako, Yuni zuwa Oktoba 2024

A takardar zaɓi ta 2024 masu neman C da lise teknik sun wuce goma, har da ƴan mata, abin da makarantar ba ta saba gani ba. Ba duka suka samu birebe ba, kuma cikin waɗanda suka samu ba duka aka tura inda suka nema ba, don makin lissafin wasu bai kai ba. Yara biyu da suka faɗi mai solar ya ɗauke su a shagonshi, wata yarinya ta shiga cibiyar koyon sana'a. Akwatin motar nan ma an fito da shi, yaran da suka iya mita suka gano sashen da ya ƙone, har yanzu dai ba a samu madadinshi ba.

Abin da nake gani

A ganina ranar sana'o'i ta faɗi ne don an nuna wa yara mutum ba a nuna musu aiki ba, kuma da harshen da rabinsu ke fama da shi. Akwatin ƙungiya kuma niyya ce mai kyau, amma komai nashi daga nesa yake, mai koyarwa, kayan gyara, har amfaninshi, kuma an zaɓi masu maki waɗanda dama ba su ne suka fi buƙata ba. Na ukun ya kama ƙasa don abin da yaro ya taɓa na gidansu ne, in ya lalace ana samun irinshi a kasuwa, ana maimaitawa duk sati har hannu ya saba, kuma wanda ke tsaye kanshi maƙwabci ne da ake gani yana ciyar da iyali da wannan aikin. Yanke wutar 2023 ya taimaka, wannan gaskiya ce, amma wutar ta dawo aikin bai mutu ba. Ni abin da na fi ba muhimmanci shi ne takardar hanya da zuwan malamar nan gida gida, don a Maradi yaro ɗan shekara 15 ba shi kaɗai ke zaɓar makomarshi ba, in uwa da uba ba su gane inda hanyar ta nufa ba to sha'awar yaro a bakin ƙofar gida za ta tsaya.

Abin da ke damuna har yanzu biyu ne. Sha'awa ba ta gyara raunin lissafi da aka taho da shi tun firamare, yaran da aka hana C saboda maki sun ji ciwo sosai, kuma ya kamata a ce an fara da su tun siziyem an haɗa musu da darasin ƙari. Na biyu, duk aikin a wuyan malamai biyu yake da ba a biyansu ko dala a kai, in aka yi wa ɗaya canjin wurin aiki ban ga wanda zai ɗauka ba tukuna. Kwamitin iyaye ya sa jika biyun mai sola da kuɗin fis da waya a cikin kasafinshi na shekara, kuma an fara sa tsofaffin ƴan rukuni da suka tafi lise su riƙa dawowa Asabar suna riƙe wa ƙannensu mita.